Ƙanzo a gaban baƙo: girmamawa ce ko cin fuska?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan gida. Yau ba girki na kawo ba, rigima na kawo. Mutanen Iran suna da wani abu da suke kira tahdig, kuma da kun gan shi za ku gane shi, domin ƙanzon shinkafa ne tsaf. Bambancin kawai su da gangan suke yin sa. A kife tukunya a kan faranti, ƙanzon ya fito a sama ja-ja yana ƙyalli, a yayyanka, kuma babban baƙo ake fara miƙa wa. Matar da nata ya fito bai fashe ba ita ce gwanar gidan. Mu kuwa da shinkafa ta kama sai a ce mai girki ta tsaya danna waya. To ina tambaya, mu ne muka raina abu mai daraja, ko su ne suka naɗa wa abin da bai kai ba rawani?

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam. 'Yata, ranar da kika zuba wa surukarki ƙanzo a faranti kika kai mata, ki dawo nan ki ba mu labarin yadda kuka ƙare. Mu yadda aka koya mana, saman tukunya na maigida ne da baƙi, tsakiya na mutanen gida, gindi kuwa a zuba ruwa a jiƙa. Kowa da al'adarsa, amma ni ban ga abin koyi a nan ba.

Ummu Haidar:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, bari in ɗan kare su, don maƙwabciyata a nan Toronto 'yar Iran ce, kuma na sha tsayawa a kanta tana yi. Ba barin tukunya ake yi ta ƙone ba.

Tun da safe take wanke shinkafar, basmati doguwa, har sai ruwan ya fita tas, ta jiƙa ta a ruwan gishiri. In lokaci ya yi sai ta tafasa ruwa mai yawa, ta zuba shinkafar, minti biyar zuwa bakwai ta sauke. A lokacin bayan ƙwayar ya yi laushi amma cikinta da sauran ƙarfi. Ta juye a kwando ta tsane. Daga nan ta zuba mai ko man shanu a gindin tukunya ba da rowa ba, ta kwaɓa ludayi biyu na shinkafar da kindirmo da ruwan za'afaran, wani jan zaren fure mai ƙamshi da ke ba abinci launi, ta shimfiɗa ta daddanna. Sauran shinkafar ta tula a kai ta yi tsibi, ta huhhuda shi da mariƙin cokali don tururi ya sami hanya. Murfin kuma sai ta naɗe shi da tawul, saboda kada gumin da ke taruwa a jikinsa ya ɗiga ya jiƙa mata aiki. Wuta da ɗan ƙarfi na 'yan mintuna, sannan a rage ta can ƙasa, kusan awa guda ba a buɗewa. In ta sauke sai ta ɗora gindin tukunyar a kan jiƙaƙƙen tsumma mai sanyi, ki ji cuuu, shi ke sa ya saki. Sannan a kife.

Wani lokacin ma ba shinkafa take shimfiɗawa a gindin ba, yankakken dankalin turawa ne, ko wani siririn burodinsu da suke kira lavash. Na dankalin nan yarana har kokawa suke yi a kansa.

Hajiya Babba:
Awa guda ana gadin tukunya don a samu ƙanzo. Allah ya ba su lada.

Anti Rakiya Mai Abincin Biki:
Hhhh Hajiya kenan. Amma ni fa a daina cewa mu ba mu san daɗin gindin tukunya ba. Ku tambaye ni, sana'ata ce. Me ya sa dafa-dukan biki ta fi ta gida daɗi? Ba kayan ƙamshi ba ne, kowa yana da su. Itace ne, da kuma barin ƙasan ya ɗan kama, ƙamshin nan ya taso ya ratsa shinkafar har sama. In na yi da gas na kula da ita ba ta kama ba, sai uwar amarya ta kira ni ta ce yau abincin bai yi irin na biki ba. Kuma da an gama kwashewa, yaran da ke taya ni aiki kowa da cokalinsa a hannu, tukunyar ba ta kai wa wajen wanki sai sun kankare ta. Har 'yan gayun ƙawayen amarya sukan zagayo baya a hankali su ce Anti, da akwai na ƙasa?

Hajiya Babba:
Yawwa Rakiya, kin faɗa da bakinki: zagayowa baya suke yi. Kin taɓa zuba shi a robar baƙi?

Anti Rakiya Mai Abincin Biki:
A'a wallahi, ban shirya rasa kasuwata ba.

Maman Ilham:
To ai wannan ita ce maganata, Hajiya. Muna son sa, muna jin kunyarsa. A bayan gida a yi wawa, a gaban mutane a yi kamar ba a san shi ba.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum iyayenmu mata, ku yi haƙuri namiji ya faɗo madafa. Ina aikin gonar lemu a yankin Valencia na ƙasar Sifen, nan ne asalin abincin da ake kira paella. Su ma suna da nasu ƙanzon, socarrat suke ce masa, kuma wadda ba ta da shi ba su ɗauke ta cikakkiya ba. Sai dai hanyarsu daban da ta 'yan Iran. Kaskon faffaɗa ne marar zurfi mai hannu biyu. A soya kaza da zomo, a sa koren wake da wani ƙaton farin wake mai suna garrofó, da tumatir da za'afaran, a zuba ruwa ya dahu ya zama romo. Wasu har da dodon koɗi, wannan kam ba da ni ba. Shinkafar gajera ce mai ƙiba, irin su bomba, a fadamar Albufera da ke kudu da birnin ake noma ta. A barbaza ta siririya, kaurinta kada ya wuce yatsa, kuma daga lokacin da aka baza ta ba mai sake sa mata cokali. Minti 18 zuwa 20 ta tsotse. Sai a ƙara wuta na minti ɗaya ko biyu, mai girkin ya kasa kunne. In ya ji ta fara ƙaf-ƙaf a ƙasa sai ya sunkuya ya shinshina. In ƙamshin gashi ne, ta yi. In ƙauri ne, ya ji kunya gaban iyalinsa.

Ranar Lahadi da rana aka fi yi, kuma galibi maza ne ke tsayawa a kan wutar, da itacen lemu. A cikin kaskon ake ci, kowa da cokalinsa da ɓangarensa, ana ci ana kankara. Ba su da wasa a kanta ko kaɗan. A 2016 wani shahararren mai girki na Ingila, Jamie Oliver, ya sa tsiran alade da suke kira chorizo a cikin tasa, 'yan Sifen suka yi masa ca a intanet kamar ya zagi iyayensu.

Malam Sani Kimiyya:
Shinkafar ma ai Musulmin Andalus ne suka kai musu noman ta, har da tsarin ban ruwan.

Ɗan Maraɗi:
Haka ne Malam, su ma ba su musu. Amma don kada a ce duk Turai haka take: na yi zama a Italiya kafin in tsallako nan. Su tasu shinkafar risotto ce, kuma akasin wannan ce gaba ɗaya. Ana tsaye a kanta ana juyawa, ana ƙara romo ludayi-ludayi har ta yi danƙo. In ta kama ko kaɗan an ɓata.

Hajiya Babba:
Ashe dai akwai masu hankali a can.

Abban Sadik:
Hajiyarmu ba ta da dama. To ga na Sin. Mu da muke zuwa sarin kaya Guangzhou muna ganin wani da suke kira bao zai fan. 'Yan ƙananan tukwanen ƙasa ne jere a kan wuta, kowane mutum da tasa. In shinkafar ta kusa sai mai girkin ya zagaya mai ta bakin murfin ya gangara ciki, sannan ya riƙa karkata tukunyar yana juya ta a kan wutar, wannan gefe ya sha, wancan ya sha, don ƙanzon ya hau har jikin tukunyar ba gindi kaɗai ba. Ƙamshin yana cika layi. Amma jan kunne ga wanda zai je: mafi yawansa da tsiran alade ake yi, ko an ce maka na kaza ne ba ka san man da aka sa ba. Ni kallo nake yi in wuce wajen Musulminsu masu taliyar Lanzhou a unguwar Xiaobei. Suna kuma da busasshen ƙanzo, guoba, da ake soyawa a mai a kawo shi da zafinsa, a kwara masa miya a gabanka yana tsuwa.

Malam Sani Kimiyya:
Bari in raba muku gardama da abin da ke faruwa a cikin tukunyar, don ina ganin Hajiya da Maman Ilham ba a kan abu ɗaya suke magana ba.

Muddin akwai ruwa a gindin tukunya, zafin wurin ba ya wuce digiri 100, kome yawan itacen da aka tura. Ruwan ne ke kwashe zafin ya tafi da shi a tururi. Da ya ƙafe sai zafi ya fara hawa. Daga wajen digiri 140 zuwa sama sukarin da ke cikin abinci yake fara haɗuwa da ƙwayoyin furotin, launi ya koma ja-ja, ƙamshi ya tashi. Wani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ya yi bayanin wannan a 1912, kuma da sunansa ake kiran abin har yau. Shi ne ke ba ɓawon burodi launinsa, shi ne a jikin tsire, shi ne a soyayyar gyaɗa. In kuwa zafi ya zarce sosai, abincin gawayi yake komawa, ya yi baƙi ya yi ɗaci, hayaƙinsa ya bi sauran tukunyar. Wannan shi ne ƙauri.

Tsakanin biyun tazara ce 'yar kaɗan, kuma abu uku ke riƙe mutum a cikinta: mai, don ya raba zafin daidai ya hana mannewa, tukunya mai kauri, da wuta ƙasa-ƙasa. Mu kuwa farar shinkafarmu ba mai a gindinta, tukunyar sau da yawa 'yar shafal ce, wutar itace kuma tana dukan wuri ɗaya. Shi ya sa namu yakan fito tsakiya baƙi, gefe fari. Hajiya tana da gaskiya da ta ƙi kai wa baƙo wannan. Wancan na Iran kuma wani abu ne daban.

Ƙanwar Kowa:
Malam to me ya sa tukunyar lantarki ta dafa shinkafa ba ta yin ƙanzo?

Malam Sani Kimiyya:
Da wannan ƙa'idar aka ƙera ta, ƙanwata. Akwai abin da ke jin zafi a gindinta. Da ya ji zafin ya haura digiri 100 ya san ruwa ya ƙare, sai ya kashe wuta. Kamfanin Toshiba na Japan ne ya fito da mai kashe kanta a 1955. Abin dariyar, 'yan Iran da suka ga irin wannan za ta raba su da tahdig sai aka ƙera musu tasu daban, irin ta Pars Khazar, wadda ba ta tsayawa a nan. Tana da abin murɗawa da za ki zaɓi yadda kike son ƙanzon ya yi ja.

Ƙanwar Kowa:
Tabɗi. Ni a finafinan Koriya na san nasu, nurungji. Bayan an kwashe shinkafa sai a zuba ruwa a kan ƙanzon a tafasa, a sha bayan cin abinci, shi kuma sungnyung sunansa. Da kowa ya koma tukunyar lantarki sai ya zama a kanti ake sayen nurungji a leda, har alewa mai ɗanɗanonsa suke yi. Akwai kuma bibimbap, shinkafa da kayan lambu, da ake kawowa cikin kwanon dutse mai zafi da aka shafa wa man riɗi, shinkafar tana ci gaba da gasuwa a gabanka, mai haƙuri ya jira ta yi ƙanzo kafin ya cakuɗa.

Hajiya Babba:
Ruwan jiƙon tukunya kuma ake sha? Ikon Allah. Mu kaji muke zuba wa.

Malam Sani Kimiyya:
Hajiya, a Madagaska ma shi ne abin shansu na kullum, ranon'ampango suke ce masa. Mutane ne da da yawansu ke cin shinkafa safe, rana da dare. Kuma akwai hikima a ciki: ruwa ne da ya tafasa, ya fi wanda aka ɗebo daga rafi aminci ga ciki.

Nas Hauwa:
Ina ta bin ku ina dariya, amma bari in sa baki ta fannina kafin gobe kowa ya tashi da ƙona tukunya. A 2002 masu bincike a Suwidin suka gano cewa abinci mai sitaci in aka soya ko aka gasa shi da zafi sama da digiri 120, wani sinadari mai suna akirilamaid yana samuwa a cikinsa, kuma yawansa yana ƙaruwa gwargwadon duhun da abin ya yi. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa shi a jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna iya jawo cutar. A dabbobi aka fi tabbatar da hakan, binciken da aka yi a kan mutane bai nuna alaƙa ƙarara ba, don haka ba tsoratarwa nake yi ba. Soyayyen dankali ma ya fi shinkafa tara shi nesa. Shawarar da hukumar abinci ta Birtaniya ta bayar a 2017 mai sauƙi ce: a tsaya a launin zinariya. Baƙin wurin a kankare a zubar, kada a ce yara su cinye don kar a yi asara.

Tunda kuma an zo maganar tawul a murfi, don Allah masu rufe shinkafa da leda ko buhun roba don ta turara, ga mafita nan an ba ku kyauta. Tsumma mai tsabta ya wadatar, a dai ɗaure bakinsa sama kada wuta ta kama.

Anti Rakiya Mai Abincin Biki:
Nas, da ni kike, na gane. Buhun nan dai mun gaje shi ne. Zan gwada da zanin atamfa wankakke a babbar tukunya mu gani.

Baba Zango:
Gaisuwa daga Kumasi. Ni mamaki nake yi da na ji ana jin kunyarsa a gida. Nan Gana har wanda ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya ya san kanzo, daga bakin iyayenmu na zango ya shiga gari. In ka je wajen mai waakye, wato shinkafa da wake, da safe za ka ji mutum da taye a wuya yana cewa a sa masa kanzo, a zuba shito, soyayyen yajin nan nasu, a kai. Wanda ya makara ba ya samu. Ba a ɓoye ake ci ba.

Bintu 'Yar Dakar:
Senegal ma haka. A cebu jen, shinkafa da kifin nan namu, ƙanzon xooñ sunansa, a ɗan kwano daban ake kawo shi ko a ɗora a gefen babban faranti. Tsakin shinkafa muke amfani da shi, tun zamanin Faransa da suke shigo da shi daga Indocina, yankin su Vietnam, kuma da yake tana dahuwa cikin mai da tumatir da romon kifi, ƙanzon yana fitowa da ɗanɗanon komai. UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cebu jen a jerin al'adun gado na duniya a 2021. Ina dai tunatar da masu jalof ne daga ina aka samo.

Anti Rakiya Mai Abincin Biki:
Bintu kar ki fara.

Baba Zango:
Ku bar ta ta faɗi gaskiya, daga su sai mu, sannan Najeriya.

Abban Sadik:
Baba, da girmanka? Wannan mai ƙamshin turaren da kuke dafawa ita ce jalof?

Mai Kula da Zaure:
Jama'a, rigimar jalof an hana ta a gidan nan tun bara, kun san yadda muka ƙare. A koma kan ƙanzo ko in rufe.

Malam Isuhu:
Assalamu alaikum. Ban cika magana a nan ba, amma wannan ta taɓa ni. Kuna ta neman dalilin da ya sa ake jin kunyarsa, ni ina ganin ba a cikin tukunya dalilin yake ba. Na yi almajirci ina yaro. In muka tsaya a ƙofar gida muna bara, ƙarshen roƙon shi ne "iya ko ɗan ƙanzo". Wato na san ban kai a ba ni tuwo ba, a ba ni abin da ya rage a jikin tukunya. Duk yaron da ya tashi a ƙasar Hausa da wannan kiran ya tashi a kunnensa, ko yana cikin gida ko yana waje. To abin da aka saba miƙa wa na ƙofa, ta yaya za a ɗauka a miƙa wa na zaure? Ba ɗanɗanon Hajiya take ƙi ba. Ta san abin da baƙon zai fassara.

Kuma a tuna, namu na asali na tuwo ne, na dawa ko masara ko gero, ba na shinkafa ba. Ba mai, ba gishiri, in ya kwana sai ka jiƙa shi kafin haƙori ya iya. Wanda aka shafa wa man shanu da za'afaran ko a nan aka kawo shi ba wanda zai kira shi abincin bara.

Maman Ilham:
Malam Isuhu, wallahi jikina ya yi sanyi. Ban kalle shi ta nan ba.

Hajiya Babba:
Allah ya yi maka albarka Malam, ka faɗi rabin abin da ke raina. Ga sauran rabin. Kada yaran nan su ɗauka wulaƙanta shi muke yi. A gidanmu ba a zubar da ƙanzon tuwo. Kullum in an kwashe, a bar tukunyar a bakin murhu ya ƙara bushewa, da safe a ɓamɓare shi a shanya a kan faifai, in ya bushe ƙayau a tara a buhu a rataye. Lokacin da damina ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba, wannan buhun ake saukewa. A daka shi sama-sama, a wanke, a jiƙa da ruwan zafi har ya yi laushi, a tsane. A zuba garin ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, albasa, tumatir, ɗan yaji. In akwai zogale ko rama a haɗa. Kwaɗon ƙanzo kenan, kuma ya rufa wa gidaje da yawa asiri. Abin da ya rufa maka asiri ba ka raina shi ba, amma ba ka fito da shi gaban baƙo ba.

Ƙanwar Kowa:
Hajiya mu a makarantar kwana ai shi ne sarki. Wadda aka kawo wa ƙanzo da ƙuli ranar ziyara, ranar ƙawayenta sun fi na kowa yawa. Yanzu ma a kasuwa ake auna shi a kwano, har masu tallarsa a WhatsApp akwai.

Ummu Haidar:
Ni dai ban yarda an kashe maganar ba. Hujjar Malam Isuhu mai ƙarfi ce, amma Koriya ma ai sun yi zamanin yunwa, nurungji abincin kada-a-yi-asara ne a wajensu, yau ga shi a kanti. Maƙwabciyar tawa ta ce abin da ya ba tahdig daraja shi ne ƙarancinsa: kome girman tukunya shimfiɗa ɗaya take bayarwa, mutum goma a kan ledar cin abinci, kowa idonsa a kai. Suna da wata al'ada, ta'arof, ta kawaici, a miƙa maka abu ka ƙi, a sake ka ƙi, sai an matsa. Ta ce a kan tahdig ne kaɗai kawaicin yake ƙarewa. Mu ma abin da ya yi kaɗan a tukunya ai shi muke ajiye wa babba, kamar hanta da ƙundun kaza. Don haka in an gyara shi, ban ga abin da zai hana ya hau faranti ba.

Malam Isuhu:
Zai iya hawa, 'yar uwa, amma ba a gidan da tsoho yake ba tukuna. A wuraren cin abinci na 'yan boko zai fara, da wani suna, da tsada. Sannan ya dawo mana.

Maman Ilham:
To ni dai Asabar zan gwada. Ummu Haidar, za'afaran nan dole ne? Na tambaya a kantin Larabawa, kuɗin ɗan abin da bai cika cokali ba ya kusa na kaza.

Ummu Haidar:
Ba dole ba ne. Tsadarsa da dalili: zare uku kacal kowace fure take bayarwa, da hannu ake tsinka, sai an tara fure wajen 150,000 kafin a sami kilo ɗaya. Kusan kashi 90 cikin ɗari na duniya daga Iran yake fitowa, yankin Khurasan, shi ya sa su yake musu sauƙi. Ki sa ɗan kurkum don launi, kaɗan fa, in ya yi yawa ɗaci yake. Ƙamshin ba zai zama ɗaya ba amma ƙanzon zai yi. In kuma kika ga ana sayar da za'afaran da arha, rini ne.

Anti Rakiya Mai Abincin Biki:
Shinkafar fa? 'Yar Hausa za ta yi, ko sai basmati?

Ummu Haidar:
Na yi da 'yar gwamnati mai turare ta yi, sai dai ƙanzon ya fi tauri, kuma sai kin ƙara mata minti a tafasar farko. 'Yar Hausa irin ta tuwo kam kada ki soma, cakuɗewa za ta yi. Ga mai farawa na dankali ya fi sauƙi: ki yanka shi faɗi-faɗi kaurin rabin yatsa, ki goge ruwan jikinsa, ki barbaɗa gishiri, ki jera a kan man kafin ki tula shinkafar. Tukunyar da ba ta kamu ta fi, in babu ki nemi mafi kaurin da kike da ita.

Malam Sani Kimiyya:
In a kan gas ne kuma wutar ba ta raguwa sosai, ki ɗora tsohon kaskon tuya a kan wutar, tukunyar a kansa. A gawayi kuwa ki rage garwashin ki baza shi gefe-gefe, kada ya taru a tsakiya.

Maman Ilham:
Na gode. Tawul ɗin a jiƙe ake naɗawa ko a bushe?

Ummu Haidar:
A bushe. Jiƙaƙƙen na ƙarshe ne, wanda za ki ɗora tukunyar a kai. Kuma farantin da za ki kife a kansa ya fi bakin tukunyar faɗi, ki riƙe da tsumma hannu biyu, ki kori yara daga wurin, don man yana iya zubowa.